Yadda zaki raini sabuwar malamar Nia har ta iya riƙe aji ita kaɗai

Nia dai motsa jiki ne da ake yi da rawa babu takalmi, Debbie Rosas da Carlos Rosas ne suka faro shi a Kalifoniya ta Amurka a 1983, daga baya cibiyarsu ta koma birnin Portland na jihar Oregon. An haɗo shi ne daga fannoni 9, uku na dabarun kare kai irinsu Tai Chi da Aikido, uku na rawa, uku na gyaran jiki irinsu yoga da Feldenkrais, sannan akwai motsi 52 da ake gina komai a kansu. Sabuwar malama tana fitowa daga horon farko, wanda ake kira White Belt, kanta cike da duk wannan, amma tsayawa gaban mutane kina rawa kina magana kina kallon kowa a lokaci guda, wannan wani karatun ne daban, kuma nan ne aikinki yake.

Da farko kar ki sa ta koyarwa tukuna. Ki ce ta riƙa zuwa ajinki tana tsayawa layin baya, daga nan ne zata ga abin da ke baki gani, wacce take ɓoye ciwon gwiwa, wacce take rikicewa duk sanda aka juya hagu. Bayan aji ki tambaye ta me ta lura, ki yi shiru ki saurara.

Sai waƙa. Nan nake so ki daɗe, don wallahi rabin ruɗewar sababbi daga nan take. Ku zauna ƙasa da takarda da biro, ki kunna waƙa ɗaya, ba rawa ba komai, ta ƙirga kiɗan takwas-takwas tana jan layi, ta rubuta inda amshi yake shigowa da inda ganga take tsayawa. Ta maimaita har sai ta iya ɗaga hannu kafin canjin ya zo. Wacce ta san waƙarta haka ko ta manta taku bata daskarewa, kiɗan ne zai maido ta.

In wannan ya zauna, ki bata waƙa ɗaya tak a tsakiyar ajinki, bayan jikin mutane ya ɗumama, ke kuma ki koma cikin ɗalibai ki bi ta kamar kowa. Wata da na yi rainonta, ranar farko na ga hannunta yana rawa tana gyara makirifo, tana farawa ta kafe ido a kan ƙafafunta cikin madubi tana zubo bayani ba numfashi, diddige kaza, ƙugu kaza, kafaɗa kaza, har wata dattijuwa dake gefena ta tsaya cak ta riƙe ƙugu tana jira a gama. Ban karɓe ajin ba, kuma kema dan Allah kar ki karɓe, sai in kin ga wani zai ji ciwo. Kina gyara ta gaban ɗalibai shikenan sun daina kallonta, ke zasu riƙa leƙe.

Da muka fito na miƙa mata ruwa, na bari hakinta ya lafa, na ce ƙanwata me kika ji a tafin ƙafarki ɗazu? Ta yi jim ta ce Anti ban ji komai ba, tsoro kawai nake ji. Toh wannan shi ne gyaran gaba ɗaya. A Nia malama tana fara jin motsin a jikinta ne sannan ta faɗi abin da ta ji cikin kalma biyu uku, in ba haka ba hadda kawai take biyawa. Na ce sati mai zuwa kar ta faɗi komai sai ta fara jinsa, kuma ta sanar da canjin taku kafin ya iso, ba yana isowa ba.

Gyara ɗaya a rana ya isa. Ko kin ga kuskure goma ki fara da abin da ta yi daidai, ki faɗe shi takamaimai, sannan ki zaɓi ɗaya.

Daga nan sai ƙari a hankali, waƙa biyu, sai ɗumama jiki, sai ɓangaren ƙarshe da ake yi a zaune ko a kwance a ƙasa. Ki tabbata tana nuna kowane motsi mataki uku, mai sauƙi da matsakaici da mai ƙarfi, kuma ta fi daɗewa a mai sauƙin, don sababbin malamai suna son nuna iyawa, alhali mai jego ko mai ciwon baya ita take kwaikwayo.

Ranar da zata riƙe awa guda cur, ki zo da wuri ku gwada lasifika tare, ki tsaya can baya kusa da ƙofa. Aji na gaba kuma kar ki zo sam, ki bari da yamma ki kira ta ki ji yadda aka ƙare.