Yadda nake ɗora tsofaffin takardunmu a Wikimedia Commons

Gara ce ta sa ni wannan aiki. Akwai wata adaka a gidan kakana, cike da takardun ajami da na Larabci. Ranar da muka buɗe ta bayan damina, rabinsu sun zama ƙasa. Tun daga nan nake bin gidajen malamai da ƙananan ƙungiyoyinmu na Sakkwato ina ɗaukar hoton abin da ya rage, ina sa shi a Wikimedia Commons, ma'ajiyar hotuna ta intanet inda kowa zai samu kyauta.

Kafin ka taɓa waya, ka san haƙƙi biyu ne a gabanka: na mai takarda da na wanda ya rubuta ta. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare rubutu tsawon rayuwar marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa. Shehu Usmanu ya rasu a 1817, Sarkin Musulmi Bello a 1837, Nana Asma'u a 1864, saboda haka rubutunsu ya zama na kowa. Amma Waziri Junaidu, Allah ya jiƙansa, a 1997 ya rasu, sai da yardar magadansa.

Mai takarda kuwa, ka durƙusa ka gaya masa gaskiya: "Allah gafarta Malam, in na ɗora, wani a Kano ko Ingila zai iya bugawa, har ya sayar, kuma ba a janyewa." Wasu za su ƙi, kada ka matsa. Ni ko an yarda ba na ɗora laƙani, ko wasiƙun iyali, ko takardun gado. Ba komai ake shanyawa a kasuwa ba.

Ɗaukar hoton ba wuya. Wanke hannu ka bushe, shimfiɗa baƙin ƙyalle a inuwa da hantsi, kashe fitilar waya. Inda ake yin ɓarna shi ne jeri. Littattafanmu ba ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne cikin tadarishi, kuma magabata kan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gabata. Bi wannan kalma, ka mayar da kowace warƙa inda ka same ta. Na taɓa ganin littafin da wani mai gaggawa ya hargitsa, kwana uku muka yi muna jera shi.

Sai ka buɗe asusu a Commons, kyauta ne. Tsohon rubutun da wa'adinsa ya ƙare, ka nuna cewa mallakar kowa ne. Hoton da ka ɗauka da kanka, kamar na Hubbare ko na dukawa suna aikin jar fata, ni lasisin CC BY-SA nake zaɓa: duk wanda ya ɗauka dole ya ambaci sunanka, in ya sarrafa shi kuma ya sake shi da sharaɗi iri ɗaya. Lasisin da ya hana kasuwanci, Commons ba ta karɓarsa.

Kada ka bar hoto da lambar da waya ta ba shi. Rubuta sunan littafi, mawallafi, wanda ya kwafa in ya sa sunansa a ƙarshe, da lambar shafi, da Hausa. Ajiye kwafi a kwamfuta da wani wurin dabam, sannan ka koma gidan Malam ka nuna masa takardunsa a waya.