Yadda Za Ka Lura da Halin Zuciyarka Idan Kana Shan Maganin Suga ko na Rage Ƙiba

Kafin ka karɓi allurar Ozempic ko Mounjaro, ko wani maganin rage ƙiba, ka gaya wa likita idan ka taɓa fama da ciwon damuwa, ko kana shan maganin ƙwaƙwalwa, ko kuma tunanin kashe kai ya taɓa zo maka. Da yawa a Jos suna ɓoye wannan saboda kunya, alhali a kansa likita zai zaɓi maganin da ya dace da kai.

A shekarar 2023 hukumar kula da magunguna ta Turai ta binciki rahotannin tunanin kashe kai daga masu amfani da irin waɗannan allurai, kuma a Afrilun 2024 ta ce ba ta sami hujjar cewa su ne sanadi ba. Duk da haka sa ido wajibi ne, domin a 2008 an janye wani maganin ƙiba mai suna Acomplia daga kasuwannin Turai saboda yana jefa mutane cikin matsanancin baƙin ciki.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne tsofaffin magungunan da ke hannun jama'a. Allurar insulin da ƙwayar suga ta Daonil suna iya saukar da suga ƙasa da 70 a na'urar awo, sai mutum ya kama rawar jiki da gumi da faɗuwar gaba, ya riƙa faɗa ba dalili ko magana ba kan gado, har iyali su zaci iska ce ta taɓa shi. Idan haka ta faru, a fara auna suga kafin komai, musamman lokacin azumi. In ya yi ƙasa, a ba shi ƙaramin cokali uku na sukari cikin ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. Wanda ya suma kuwa kada a zuba masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti. Wanda ya daɗe a kan ƙwayar suga ta Metformin ya nemi a duba masa bitamin B12, domin ƙarancinsa na kawo kasala da mantuwa.

A littafin da kake rubuta awon suga, ka ƙara yadda barcinka da walwalarka suke, ka kuma roƙi maiɗakinka ko wani ɗan'uwa ya faɗa maka idan ya ga ka sauya. Baƙin cikin da ya kai mako biyu yana buƙatar ganin likita, kuma akwai sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo. Tunanin cutar da kai ba ya jiran gobe, a tafi a ranar.

Kada ka yanke maganin suga da kanka, kuma kada ka sayi allura a intanet, domin a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic.