Darasi na 9: Tayar Sanyi da Wilinta ga Motar A-kori-kura

Wannan darasi na 'yan'uwanmu ne mazauna ƙasashen da dusar ƙanƙara ke sauka, musamman Kanada, waɗanda ke neman abinci da a-kori-kura: wani dakon kaya, wani aikin gini. Wanda yake gida ma kada ya tsallake, akwai nasa rabon a gaba.

Me ya sa ake canza taya?

Roba tana da hali irin na man shanu. Da zafi ta yi laushi, da sanyi ta daskare. Idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, robar tayar da aka saba hawa tana yin tauri, kuma taya mai tauri ba ta kama titi. Ka taka birki, mota ta ci gaba da sulɓi abinta. Ita tayar sanyi an haɗa robarta yadda ba za ta sandare ba. An kuma tsattsaga haƙoranta da ƙananan layuka sirara, su ne ke cizon ƙanƙara.

A lardin Kebek na Kanada abin doka ne. Daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, motar da aka yi wa rajista a lardin dole ta kasance da tayar sanyi.

A-kori-kura tana da nata ciwon daban. Inji yana gaba, nauyi yana gaba, bodi kuwa sau da yawa wayam, alhali ƙafafun baya ne ke tura mota. Shi ya sa a kan kwana bayanta ke saurin wutsiya. Direbobi kan ɗora buhunan yashi daidai saman ƙafafun baya, su ɗaure su tam. Dabara ce mai amfani, amma ba ta maye gurbin taya.

Akwai maganar da nake yawan ji, kuma ba na son ta: "Ai tawa mai jan ƙafa huɗu ce." Malam, jan ƙafa huɗu yana taimakonka ka tashi. Ranar da yaro ya gifta a gabanka, babu abin da zai tsayar da kai sai kamun da taya ta yi wa titi. Don haka tayar sanyi huɗu za ka saya, iri ɗaya. Mai sa biyu a baya ya bar tsofaffi a gaba zai murɗa sitiyari mota ta miƙe.

Mu karanta gefen taya

Taya ma rubutu ne da ita, kuma wanda ya iya karanta shi da wuya mai shago ya cuce shi. Tsuguna ka duba. Za ka ga wani abu kamar haka:

LT265/70R17

Haruffa biyu na farko, LT, suna nufin an yi tayar ne don ƙaramar motar kaya, gefenta ya fi ƙarfi. Idan P ka gani, ta motar fasinja ce. Wasu ƙananan a-kori-kura da P suke fitowa daga kamfani, amma mai ɗaukar lodi ko jan tirela ya nemi LT. Lamba 265 faɗin taya ne da milimita. Lamba 70 tsayin gefenta ne, wato kashi 70 cikin 100 na faɗin. R irin saƙar da ke cikinta ce. Lamba 17 kuwa girman wilin da za ta zauna a kai, da inci.

Bayan wannan akwai wata lamba, misali 115 ko 121. Ita ce ta nauyin da taya ɗaya ke ɗauka: 115 tana ɗaukar kilo 1,215, 121 kuwa kilo 1,450. Buɗe ƙofar direba, za ka ga takarda a manne a jikin ginshiƙin ƙofar, an rubuta girman taya da yawan iskar da kamfani ya tsara wa motar. Kada ka sayi tayar da ƙarfinta bai kai na wadda motar ta fito da ita ba, komai araharta.

Yanzu alamar da ta fi kowace muhimmanci. Nemi hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiyarsa. Tayar da ke ɗauke da shi an gwada ta a kan dusar ƙanƙara ta ci jarrabawa. Akwai kuma M+S, wato taɓo da ƙanƙara. Wannan ta siffar zanen taya ce kawai, ba shaidar gwaji ba, kuma ita kaɗai ba ta isar maka a Kebek. Manyan tayoyin daji masu gatso-gatson haƙora suna ba da sha'awa a ido, amma a kan titin da ruwa ya daskare ba su da kataɓus in babu hoton dutsen nan.

Mai sayen ta hannu ya nemo haruffan DOT, ya karanta lambobi huɗu na ƙarshe. Idan 2423 ne, an ƙera ta a mako na 24 na shekarar 2023. Ya kuma auna zurfin haƙora. In bai kai milimita 4 ba, ya bar ta a wurin.

Akwai kuma taya mai ƙusoshi a jiki, don ƙauyukan da titi ke zama gilashi. Ba ko'ina aka yarda da ita ba. A Kebek daga 15 ga Oktoba zuwa 1 ga Mayu ne kawai, a Jamus kuwa an hana.

Wili

Wili shi ne ƙarfen da taya ke zama a kai. Shawarata ka sayi wili huɗu daban na lokacin sanyi, baƙaƙen nan na ƙarfe. Ba su da kyau, na yarda. Amma gishirin da ake watsawa a titi don ya narkar da ƙanƙara yana cin fuskar wilin alminiyam mai tsada, kuma cire taya da mayar da ita a wili ɗaya sau biyu a shekara kuɗi ne, yana kuma wahalar da bakin tayar.

A nan ne ake yawan asara. Ramukan noti sun bambanta. Ford F-150 na yanzu ramuka 6 ne a da'irar milimita 135. Chevrolet Silverado 1500 ma 6 ne, amma a 139.7. Ido ba ya raba su, noti kuwa ba zai shiga ba. Kana iya saukowa daga inci 20 zuwa 18 ko 17 don rage kuɗi, muddin wilin bai taɓa birki ba, kuma tsayin taya gaba ɗaya bai sauya ba. Ka ce wa mai shago ya gwada ɗaya a ƙafar gaba kafin ka biya.

Bayan an ɗaura, ka yi tafiyar kilomita 80 zuwa 100, ka koma a sake ɗaure notuna. Iska ma tana raguwa da sanyi, sai ka riƙa aunawa duk wata, da safe kafin mota ta motsa.

Ga rabon na gida. Cikin tayoyin Beljiyam da ake jibgewa a kasuwanninmu akwai masu hoton dutsen nan, don daga ƙasashen sanyi aka kwaso su. Haƙoransu sukan yi kyau, sai mutum ya ɗauka ya yi tsintuwa. Roba ce mai laushi da ba a yi ta don kwaltar watan Afrilu ba: tana saurin cinyewa, birki kuma ba ya kama ta yadda ya kamata. Ka nuna wa mai faci alamar, shi ma ya sani.

Aikin gida

Je wurin wata mota, ka nemi izinin mai ita, ka kwafo duk abin da ke gefen taya ɗaya a littafinka. Ja layi a ƙarƙashin faɗinta, ka zagaye girman wilinta, sannan ka rubuta da kalmomi makon da aka ƙera ta da shekarar. Akwai hoton dutse a jikinta ko babu? Kawo amsarka aji na gaba, za mu karanta tare.