In VIO, jami'an duba lafiyar mota, sun ce ƙasan motarka ya yi tsatsa

Kar hankalinka ya tashi tukuna, ba kowace tsatsa ce ke kashe mota ba. Wasu tokumbon da ke shigowa Katsina daga Kanada ko arewacin Amurka suke, can gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, shi ke cin ƙarfen tun kafin a loda motar a jirgi, shi ya sa za ka ga fenti fes amma ƙasa ja-wur.

Kai ta gareji mai rami a fara wanke ƙasan tas, laka tana ɓoye abu da yawa. Sai ka shiga da tocila da sukundireba ka riƙa dannawa. In ƙarfen ya yi ƙara kuma bai lotsa ba, ta sama ce kawai, a kankare da burushin ƙarfe da sanfefa har farin ƙarfe ya fito, a shafa jan fenti na hana tsatsa, ya bushe sannan a bi da baƙi mai kauri.

In kuwa sukundireban ya shige ko wurin yana farfashewa kamar ƙuliƙuli, musamman a shasi ko inda shokazoba ke zama, to aikin mai walda ne, a yanke ruɓaɓɓen a ɗora sabon ƙarfe. Kar ka yarda fanalbita ya cike maka da fila, wato ƙullin da suke toshe rami da shi, wallahi, damina ɗaya zai zube. Kuma a sauke tanki kafin a kunna wutar walda kusa da shi.

Bututun birki in ya ci tsatsa canza shi kawai, ba a faci. Masu cewa a fesa baƙin mai a ƙasan motar, ni dai ban so, roba yake lalatawa ga ƙurar hunturu ta manne. Kammala aikin kafin ruwan Yuni ya sauka, sai ka mayar a sake dubawa.