Kurakuran da masu haƙar felsfa suka fi yi

Masu haƙar litiyam da duwatsu masu daraja a Nasarawa da Kaduna sun san dutsen nan, ko da ba su san sunansa ba. Shi ne farin nan, ko mai ruwan hoda, da suke jibgewa a bakin rami kafin su kai ga abin da suke nema. Felsfa ke nan. Masu yin tayil da tangaran suna sa shi ne don ya narke a tanderu, wajen digiri 1,200 na Salsiyos, ya haɗe yumɓu da yashi. Masu kwalba kuma suna neman sinadarin alumina da ke cikinsa, mai ƙara wa gilashi ƙwari.

Kuskuren farko shi ne ganin yawansa a ɗauka an yi arziki. Fiye da rabin ɓawon duniya felsfa ne, dutsen Kufena na Zariya ma cike yake da shi. Amma a irin wannan dutse ƙwayoyinsa ƙanana ne, a cakuɗe. Wanda ke da kasuwa yana cikin jijiyar dutse mai manyan ƙwayoyi, fegmatait, inda za ka tsince shi da hannu.

Babbar asara kuwa daga ƙarfe take zuwa. Baƙar maika mai ɓarewa kamar ɓawon albasa, baƙin dutsen tomalin, jar ƙasar da ta manne, duk akwai ƙarfe a cikinsu. A ido ɗigo ne kawai, amma bayan an gasa sai farin faranti ya fito da tabo kamar kashin ƙuda. Masu farin gilashi sukan so ƙarfen kada ya wuce kashi 0.1 cikin 100. Ina mamakin mai tsince dutse tsaf, sannan ya loda shi a tifar da ta kwaso jar ƙasa jiya. A fasa, a cire baƙi da guduma, a wanke, a tara kan siminti ko tamfol.

Wasu kuma suna rikita shi da farin dutsen kwats. Fasa shi ka gani: felsfa yana tsagewa sumul, fuska biyu suna haɗuwa kamar kusurwar bulo, kwats kuwa fashewar kwalba yake yi. Kwats yana karce felsfa, don a ma'aunin taurin duwatsu nasa 7 ne, na felsfa 6.

Akwai felsfa mai sinadarin fotash, akwai mai soda; kada a haɗa su a tuli guda, kowane da aikinsa. Launi ba hujja ba ne, don fari yana iya zama kowanne. Ɗauki samfur daga wurare da yawa a ramin, ba zaɓaɓɓen dunƙule ɗaya ba, ka kai ɗakin gwaji a auna fotash da soda da ƙarfe.

Sai lissafin mota. Felsfa kaya ne mai araha da ake sayarwa tan-tan, kuɗin tirela na iya cinye ribar. Turkiyya, wadda ke kan gaba wajen fitar da shi, ma'adinanta na Aydin da Mugla suna kusa da teku, jirgi ya kwasa zuwa Italiya da Sifen. A nan, ramin Kogi da ke kusa da masana'antar tayil ta Ajakuta ya fi na nesa riba, ko da na nesan ya ɗan fi fari. Nemi mai saye, ka ji farashinsa a ƙofar masana'anta, kafin ka ɗauki lebura.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta lasisi, yardar mai gona kaɗai ba ta isa. Wurin niƙa kuma a riƙa yayyafa ruwa a sa takunkumi, ƙurar kwats tana lalata huhu.