Yadda Mai Ciwon Bayifola Zai Riƙa Lura da Yanayin Zuciyarsa ta Waya

1. Bayifola ciwo ne da ke sa mutum ya riƙa juyawa tsakanin tsananin zumuɗi da tsananin baƙin ciki. Ka sauke manhajar lura da yanayin zuciya irin eMoods, ko ka roƙi likitanka ya turo maka fom ta intanet.

2. Kowane dare bayan isha'i, ka rubuta yadda ka wuni da awa nawa ka yi barci. A ganina wannan ya fi komai muhimmanci. Sau da yawa, kafin zumuɗi ya taso, barci ne ke fara raguwa, mutum ya kwana awa uku kuma ya tashi garau ba gajiya.

3. Sau ɗaya a mako, ka amsa tambayoyi guda 5 na fom ɗin auna zumuɗi da ake kira Altman. Maki 6 ko fiye, ka kira likita.

4. Duk mako biyu, ka cike PHQ-9, wani fom mai tambayoyi 9, don auna baƙin ciki. Makinsa daga 0 zuwa 27 ne. Tambaya ta 9 kan tunanin mutuwa ko cutar da kai ce. In amsarka ta wuce sifili, ka nemi taimako a ranar, don Allah kada ka jira.

5. Ranar ganin likita, ka nuna masa abin da ka rubuta da makin da ka samu. Kada ka daina shan magani don makinka ya yi kyau.