Ga masu shiga saba (server) da manhajar PuTTY

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu korafin cewa SSH (hanyar shiga saba daga nesa) na yankewa da zarar sun ɗan bar kwamfuta, ga maganin abin. A PuTTY ku shiga Connection, inda aka rubuta Seconds between keepalives ku cire 0 ku sa 30. Zai riƙa aika ɗan saƙo ga sabar kowane daƙiƙa 30, don kada na'urar da ke tsakani ta ɗauka kun tafi ta rufe hanya. Amma in intanet ɗin ce ta ɗauke gaba ɗaya, wannan ba zai cece ku ba.

Sannan ku rage dogaro da kalmar sirri. Ku ƙirƙiri makulli irin Ed25519 da PuTTYgen (manhajar PuTTY ta yin makulli), zai ba ku na fili da na sirri, ku kai na fili cikin fayil ɗin authorized_keys a sabar, fayil ɗin .ppk mai ɗauke da na sirri kuma ku nuna shi a SSH, Auth, Credentials. Wannan fayil kada ya bar hannunku, ko a WhatsApp.

Inda mutane ke tafka asara: bayan duk saitin nan, sai kun koma Session, kun rubuta suna, kun danna Save. In ba haka ba, kuna rufewa komai ya tafi.